Lambar Mushe Hamani

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da sufeto ya ce in goge allo ba. Lokacin ina malamar kwantiragi a wani kolej, wato ƙaramar sakandare, a unguwar Goudel da ke bakin kogi, kuma a aikinmu mai kwantiragi ba ya zama cikakken ma'aikaci sai sufeto ya zauna a ajinsa ya gamsu.

Ajin na Mushe Hamani ne (Mushe muke ce wa malami namiji, daga Faransanci), tsohon malamin lissafi, na gaje shi da ciwo ya kwantar da shi. Yana da wata al'ada. Farkon shekara sai ya rubuta babbar lamba a kusurwar allo ya zagaye ta, duk Litinin yara su gwada raba ta da lamba ta gaba. Ta wannan shekarar 720720 ce. Biyu ta raba ta ba saura, uku ma haka, har aka kai goma sha ɗaya. Yana ce mata Hajiya mai babbar tukunya, ko baƙi nawa suka zo kowa zai samu daidai.

Ina son lambar nan. Idan zafi ya kashe wa aji jiki, nakan tsaya a taga ina kallon kwalekwalen masunta a kan kogi, in riƙa ganin Hajiyar tana zuba tuwo, baƙi na ta shigowa.

Da sufeto ya shigo, sai ya nuna ta da biro.

"Madam, darasi a kan allo mai tsabta ake fara shi."

Hadiza, mai kula da allo, ta ɓoye tsumman gogewa a bayanta. Na san abin da ke ransu: muddin lambar na nan, Mushe zai dawo ya tarar da ita.

"Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri," na ce. "Mai ita bai gama da ita ba."

Ya yi rubutu a takardarsa. A raina na ce shi ke nan, na tsoma kaina cikin matsala. Haka kuwa aka yi, sai da shekara ta zagayo aka tabbatar da ni, kuma na ji zafin abin sosai.

Muka ci gaba da Litinin ɗinmu, har goma sha shida duk suka ci suka ƙoshi. Ana cikin haka Allah Ya yi wa Mushe Hamani rasuwa. Litinin ta gaba Hadiza ta fito ta gwada goma sha bakwai, ta sake gwadawa, sannan ta juyo.

"Madam, ta ƙi. Saura biyar."

Ta ɗan jima a tsaye, ta ɗauko tsumman da kanta ta goge, a hankali, tun daga sifili.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za a koya muku yadda ake cika allo. Ni a Goudel na koyi cewa akwai rubutun da ba malami ke goge shi ba.