Ranar da Na Zagaya da Ummi a Jarwal

Akwai wata safiya a Jarwal, tsohuwar unguwarmu, da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Ni dillalin gidaje ne a Makka, da bakina nake ci, kuma na iya shi. A ranar, a kan mahaifiyata na gwada shi.

Surutuna ne ya jawo. Na dawo daga wani babban birnin Turai, na zauna ina ba Ummi labarin yadda na wuni ina yawo a ƙafa cikin tsofaffin lunguna, gidajen kakannin kakanni suna nan tsaye ba a taɓa su ba. Lokacin idonta ya riga ya tafi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce to ita ma in kai ta nata lungun, ta taɓa ƙofar gidan da ta haife mu ko sau ɗaya ne.

Gidan nan kuwa babu shi. Ni na sa hannu aka rushe shi tare da unguwar bayan na dawo da ita unguwar Aziziyya, na ce mata haya na bayar.

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na kai ta a mota, na sauke ta bakin titi, na riƙe hannunta. Muna tafe ina zana mata unguwa: ga shagon mai gurasa, ga famfon da muke layi, ga tagar katakon maƙwabta. A gabana babu komai sai otal-otal da motocin alhazai. Da muka kai inda na ƙiyasta, na ɗora tafinta a jikin wani bango. Ta shafa shi a hankali, sumul, mai sanyi.

"Ya waladi, ɗana, ina hawan?"

Na ce wane hawa.

"Gidanmu hawa ake yi. Shekara arba'in sai na tsaya sau biyu na huta kafin in kai ƙofa. Yau ban tsaya ba."

Dutsen da gidan yake kai ma an baje shi. Na shirya wa kunnenta komai, na manta da ƙafarta. Na fara kame-kame, ta ce halas, ya isa, in mayar da ita gida. A mota ta ce rushewar ba ta dame ta ba, gidan duniya ne. Sannan ta ƙara da cewa, "Yanzu in ka ce min gari ya waye, wa zan tambaya?"

Daga ranar ƙanwata take kira ta duba mata magani, ta gaya mata wanda ya shigo. Ta yafe min da bakinta kafin ta rasu, amma ba ta sake tambayata abin da ke gabanta ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ya dogara da idonka, ka faɗa masa abin da ka gani ko da zai yi kuka. Na guje wa kukanta na yini ɗaya, na rasa yardarta har ƙarshen ranta.