Ranar da Aka Yi Sadaka da Maganina

Shekaru sun kwashe mini abubuwa da yawa daga kai. Na manta sunayen tashoshin da na kwana a hanyar Chadi da Sudan, na manta fuskokin mutanen da muka yi ciniki da su a Abidjan da Istanbul, Faransancin ma da nake taƙama da shi ya fara zubewa. Amma akwai wata Juma'a a nan Makka da na tabbata da ita za a kai ni kabari: ranar da aka yi mini walimar samun lafiya, aka kuma yi sadaka da maganin da ke riƙe da ni.

A lokacin ni kaɗai nake zaune a wani ɗaki da falo a unguwar Hindawiyya. Mai ɗakina ta rasu, 'yata tana aure a Riyad, ɗana kuma yana aiki a Dammam. In ya kira ni, da Larabci yake tambayar jikina, ni kuma in amsa masa da Hausa, mu rabu kowa yana ganin ya yi zumunci.

Ciwon da baya ya fara. Na ɗauka ɗaukar kaya ce ta shekara da shekaru ta dawo tana tambayata, sai da na kasa miƙewa daga sujada aka kai ni asibiti. Bayan gwaje-gwaje suka ce ciwon daji ne na ɓargo, wanda suke kira mayaloma, yana cin ƙashi daga ciki. Na yi watanni ana yi mini allurai, sannan aka tura ni wani babban asibiti a Jidda don dashe. Yadda na fahimci abin, kamar manomi ne da ya ware irinsa ya ɓoye, ya ƙone gonar ƙurmus, sannan ya dawo ya shuka. Sun tace jinina sun ware irin da ke haifar da sabon jini, suka ba ni magani mai ƙarfi da ya share ɓargon, mai kyau da marar kyau, sannan suka mayar mini da irin nawa.

Na sha baƙunta a ƙasashe, amma ban san kaɗaici ba sai a lokacin. Gemuna ya zube. Da na dawo gida aka hana ni musafaha, aka hana ni cin abinci a faranti ɗaya da mutane, aka hana ni shiga taro, saboda jikina ba shi da garkuwa. Mutane suna tara guzuri shekara da shekaru daga Indonesiya da Nijar don su ga Ka'aba, ni kuwa tana nan kusa da ni, ina jin kiran salla ta taga ina tayar da iƙama ni kaɗai.

Mutum ɗaya ne bai fasa zuwa ba, aminina, wani tela Bazazzagi da muka yi shekaru muna zama majalisa ɗaya. Yakan ajiye mini kwanon abinci a bakin ƙofa, ya ja baya ya tsaya a matakala yana tsokanata. Wai Bakano ko da ciwo sai ya yi ciniki, shi ya sa na ƙi mutuwa, farashin bai yi mini ba. Ni kuma in ce masa ba zan tafi in bar bawana ba mai gida ba.

Shi ya raka ni Jidda ranar da za a faɗa mini sakamako, kamar wata uku bayan dashen. An riga an ɗebi jini da fitsari, an kuma huda ƙashin ƙuguna an ɗebi ɓargo. Likitar, wata mata mai natsuwa, ta yi mana bayani da Larabci a hankali. Ta ce yadda ciwon nan ke amsa magani mataki-mataki ne: wani ya ragu da rabi, wani ya ragu sosai, wani kuma a neme shi a rasa. Nawa, in ji ta, an neme shi a jini da ɓargo ba a gan shi ba.

Aminina ya ɗaga hannu yana hamdala, hawaye na bin kumatunsa. Likitar ta bari ya gama, sannan ta juyo gare ni, ta kira ni baffa da Larabci.

"Ya ammi, rashin ganinsa ba shi ne tafiyarsa ba. Ya kwanta ne. Aikinmu yanzu mu hana shi tashi."

Ta rubuta mini wata ƙwayar magani da zan riƙa sha kullum, in yi mako uku ina sha, in huta mako ɗaya, ga gwajin jini duk wata. Na tambaye ta har zuwa yaushe. Ta ce muddin yana aiki kuma jikina yana ɗauka. Ta kuma ja mini kunne a kan abu ɗaya, har sau biyu: kada mace mai ciki ta sha shi ko da wasa, domin yana lalata halittar ɗan da ke ciki.

Duk wannan a gaban aminina aka yi, kuma Larabcinsa bai gaza nawa ba. Sai dai zuciyarsa ta tsaya a kan "ba a gan shi ba". Kafin motar haya ta fita Jidda ya kira rabin Hindawiyya yana albishir. Na ce masa ya bi a hankali, akwai sauran magani. Ya ce haka likitoci suke, ba sa sakin mutum, ni dai in gode wa Allah.

Nan da nan aka sa ranar walima. Al'adarmu ce a nan, wanda ya tashi daga doguwar jinya sai a yanka masa, a tara jama'a a yi addu'a. Na ga irin wannan a Umdurman, na gani a Njamena, amma ba inda ake yinsa da zuciya ɗaya kamar wajen mutanenmu na Makka, wataƙila don kowa ya san ba shi da wani dangi a kusa sai maƙwabcinsa. Likita ta yarda in zauna da mutane, in dai ba cunkoso. Bayan an sauko daga Juma'a aka shimfiɗa darduma a gidan aminina, aka kawo shinkafa da naman rago, ga tsiren da Larabawan nan suka koya a wajenmu. Kowa ya zo sai ya ce barka da arziki. Rabona da in ji kafaɗar mutum a jikin tawa har na manta. Na zauna a tsakiyarsu ina jin daɗi, ina kuma jin kamar walimar wani na zo.

Abin da ban sani ba, ina can zaune, matar aminina da wasu mata sun karɓi mabuɗi sun shiga ɗakina. Wannan ma al'ada ce, a share ɗakin jinya, a wanke shimfiɗa, a yi turare, don wanda ya warke kada ya dawo ya tarar da warin ciwo. Da na koma bayan La'asar, ɗakin yana ƙamshi, an canja labule. Teburin da ke gefen gadona kuwa wayam. Duk magungunan sun tafi, tsofaffi da sabo.

Na koma gidan aminina ina haki. Hajiya matarsa ta fito da fara'arta ta ce ai ba ta zubar ba, Allah ya kiyaye ta da almubazzaranci. Ragowar maganin wanda Allah ya ba lafiya ba a barinsa ya lalace, mai irin ciwon ake ba, ya samu albarkar. Wata 'yar'uwarta ta zo Umara daga gida tare da 'yarta, yarinyar tana ta kukan ciwon baya tun da suka yi Safa da Marwa. Da yake nawa ma da baya ya fara, sai ta ƙulle musu duka a leda. Ta ƙara da cewa abin tausayi, ga yarinyar da juna biyu.

Ban san lokacin da na zauna a kan matakala ba. Na tambayi inda suke. Ta ce masaukinsu yana unguwar Rusaifa, motarsu za ta tashi zuwa filin jirgi bayan Magariba. Aka kira wayar 'yar'uwar tata, a kashe, layin da ta saya a nan ya ƙare. Na dubi aminina. Na ga lokacin da maganar likita ta dawo masa, don fuskarsa ta canja. Ya zura takalmi ya fita neman mota.

Hanyar ba ta da nisa, amma ranar Juma'a ce, titi ya cika. Direban yana ta ba mu labarin ƙwallo, mu kuwa kowa yana kallon tagarsa. Abin da nake ta gani a raina shi ne jaririn da ban sani ba, a wani gari da na bari tun ina saurayi, an haife shi da naƙasa saboda walimata.

Mun tarar da su a ƙofar masaukin. An fito da jakunkuna an jera a gefen titi, an ɗaure su da igiya, ga jarkokin Zamzam. Cikin masu rakiya har da mutanen da muka ci shinkafa tare ɗazu. Da suka gan ni suka fara murna, wai ga mai sabon jini har ya fara yawo. 'Yar'uwar Hajiya ta gaishe ni da ladabi, ta yi mini godiyar maganin. Na ce mata shi na zo karɓa.

A wajenmu ba a bin sadaka a karɓo. Wani dattijo ya matso ya ce mini a hankali, Alhaji, ai abin da ya fita ya fita, kai da Allah ya riga ya yaye maka. Na duba aminina, kansa yana ƙasa. Na gane ba wanda zai faɗa sai ni.

"Ban warke ba," na ce. "Ciwon yana nan, kwanciya ya yi. Maganin nan shi ke danne shi, kuma zan sha shi wataƙila har ƙarshen raina. In mai ciki ta sha, zai cuci abin da ke cikinta."

Na juya wajen yarinyar. Tana zaune a kan wata jaka, ta dafe ƙugu.

"'Yata, kin sha?"

Ta dubi uwarta, sannan ta kamo bakin mayafinta ta fara kwance wani ƙulli. Ƙwayar tana ciki, guda ɗaya, ba ta fashe ba.

"Baba, tun ɗazu nake so in sha. Inna ce ta ce maganin Makka ƙarfi gare shi, ba a shan shi da yunwa. Sai mun ci abinci a mota."

Uwar ta zube a ƙasa tana salati. Na karɓi ƙwayar, na sa aka zuba wa yarinyar ruwa ta wanke hannu. Aka kwance igiya, aka buɗe jaka a gefen titi, aka yi ta fitar da dabino da dardumai da carbi har aka kai ga ledar. Na duba, ba abin da ya ɓata sai gurbin wannan guda ɗaya. Na gaya wa uwar in sun isa gida ta kai ta asibitin masu ciki a duba bayan. Na daɗe ina tunanin yadda al'ada ɗaya ta kai maganin hannunta, wata al'adar kuma ta hana shi kaiwa bakinta.

A hanyar dawowa aminina bai tsokane ni ba. Sai da muka sauka ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi dai so ya yi a ce an gama. Na ce ni ma haka.

Abin da ya biyo baya ya fi jinyar nauyi. Ba wanda ya yi fushi da ni, amma mutane suka rasa yadda za su yi da ni. Mai ciwo ana ce masa sannu, wanda ya warke ana ce masa barka. Na bincika duk harsunan da na iya, ban sami gaisuwar da ake yi wa wanda ke tsakani ba. Wasu in sun hango ni sai su yi sauri su wuce, kamar na ci musu rago da ƙarya. Hajiya ta yi watanni tana aiko mini da abinci ba ta yarda mun haɗa ido ba. Na koma majalisa, na koma Harami a lokutan da ba cunkoso, amma duk wata ni kaɗai nake hawa mota zuwa Jidda, in miƙa hannu a ɗebi jini, in zauna ina jiran a ce mini har yanzu yana kwance.

Aminina ne ya samo gaisuwar. Wata safiya yana wucewa shagonsa ya buga ƙofata da ƙarfi, ko sallama bai yi ba.

"Kai Bakano, ka sha?"

Na ce na sha. Ya ce to madalla, kada in yi masa asarar rago. Tun daga ranar haka yake yi kullum, har ya haddace makon hutuna ya fi ni. In makon ya zo sai ya buga ya ce yau ba tambaya, ya wuce.

Shi da bai taɓa kwana a asibiti ba, shi ya riga ni. Zuciyarsa ce ta tsaya yana kan keken ɗinki. Ni mai ciwon na bi gawarsa aka yi mata salla a Harami.

Har yau ciwon bai tashi ba, har yau ina sha. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne samun sauƙi daban, warkewa daban, kuma wanda aka ce ya ci gaba da magani ya faɗa wa mutanensa ƙarara, ya yi ta maimaitawa har sai sun ji, ko da zai rage musu murna. Maganin wani kuma ba abin kyauta ba ne, komai kyan niyya. In kuna da wanda ke tsakanin sannu da barka, walima ta yini ɗaya ce. Abin da yake buƙata shi ne mai buga masa ƙofa. Ni yanzu duk safiya in na ɗauko ƙwayar, nakan tsaya kaɗan in saurari matakala, sannan in ce na sha.