Jiniyar Kira Asimina

Jirgina na ruwa yana tashi da hantsi daga garinmu Uranupoli, ya bi gefen Dutsen Atos har ƙarshensa, ya juyo da baƙi gida kafin la'asar. Aikina ke nan tun ina da gashi a kai. Jamusawa, Sabiyawa, 'yan Romaniya, matan coci na ƙauyukan Tasalonika da kwandunan abincinsu, babu irin wanda ban kwasa ba. Da sun shiga sai su cika saman jirgi suna jefa wa tsuntsayen teku burodi, tsuntsayen su saka musu da kashi a hula. Gidajen 'yan zuhudun da aka zo kallo kuwa, sai Rula mai yi musu jagora ta kusa fasa maƙogwaro a lasifika kafin su ɗaga kai.

Dokar Dutsen kowa ya san ta. Mace ba ta taka ƙasarsa, jirgin da ke ɗauke da mace kuma ba ya matsawa kusa da gaɓa, sai ya bar rabin kilomita a tsakani. Mu da aka haifa a gindinsa mun saba da ita kamar yadda muka saba da gishirin ruwa. Ban taɓa jin nauyin wannan tazarar ba sai da Kira Asimina, wato Uwargida Asimina a yarenmu, ta shigo jirgina.

Ƙawar mahaifiyata ce, Tiya, wato gwaggo, nake ce mata tun ina yawo ba wando. Mijinta Barba Zisis masunci ne, teku bai ci shi ba, taba ce ta ci shi. Ɗa guda ya bar mata, Stelyos, saurayi mai shiru-shiru da ke gyaran injin kwale-kwale. Wata rana 'yan zuhudu suka kira shi ya duba musu inji. Ya je ya dawo, ya sake komawa ya dawo, daga baya ya tafi bai dawo ba. Aka sa masa baƙaƙen kaya, aka canza masa suna zuwa Serafim. Matan gari suka yi ta zuwa yi mata barka, wai ta ba Allah ɗa. Ta dafa musu kofi, ta ce amin, suna fita ta rufe ƙofa, ba a sake ganinta ba sai da lokacin baƙi ya zagayo.

Ranar na tarar da ita a bakin jirgi, ta ɗaura zanen girki, tana riƙe da 'yar tukunyar kofinta mai dogon hannu.

"Anesti, wa ke dafa wa baƙinka kofi?"

"Akwai na'ura, Tiya."

"Na ɗanɗana. Ruwan wankin safa ne. Matsa in wuce."

"Tiya, ke da ko kwale-kwalen Barba Zisis kika hau sai kin yi amai?"

"Aman nawa ne ko naka? Ni na share maka majina kafin ka san hagu da dama, yau don ka kifa hular kyaftin za ka yi mini iyayi?"

Na matsa. Ta yi aman kuwa, mako biyun farko bokiti ne abokin hirarta. Amma kofinta ya yi suna, har direbobin motocin baƙi sukan shigo su sha kafin mu tashi. Tana miƙa wa Bajamushe kofi da alewar lukumi tana yi masa faɗa da yarenmu a kan ya rufe ƙirjinsa, shi kuma yana murmushi yana godiya.

Gidan zuhudun da Stelyos yake can gaba ne, a manne da dutse kamar sheƙar tsattsewa. Da mun doshe shi sai ta kashe wuta, ko layi ya kai ina. Ta fito ta kama ƙarfen gefen jirgi, ta ƙwaci tabarau mai hangen nesa a hannun baƙon da ya fi kusa, ba ko sannu. A cikin tagogin nan masu yawa ta zaɓi guda, wadda ke da tukunyar ɗoɗɗoya a baranda.

"Waccan ce tasa," in ji ta. "Tun yana ƙarami yake tsinke mini ɗoɗɗoya yana shinshina."

Ban yi musu ba. Mazan garinmu da kan shiga Dutsen ziyara sukan dawo mata da labari, lafiyarsa ƙalau, ya tara gemu, yana gaishe ta. Ba ta taɓa tambayarsu taga ba. Ta ce uwa ba a nuna mata inda ɗanta ke kwana. Haka take tsayawa tana ɗaga wa tagar hannu har dutse ya raba su, sannan ta koma ta kunna wuta. Gani ba ci ba, amma shi take da shi.

Jiniya kuwa ita ta ƙirƙiro ta. Ta hau wurina ta ce in busa idan mun zo saitin gidan.

"Tiya, mutanen nan shiru suka je nema."

"Sun samu ai, har ya yi musu yawa. Sau ɗaya, gajere. Ko sai na ja da kaina?"

Jiniyar jirgina ba ta da daɗin ji, kukan jaki mai mura ya fi ta, babu mai kamarta a duk gaɓar nan. Na ja igiya sau ɗaya ina jiran a kawo ƙarata, ba wanda ya kawo. Daga nan ta zama ta kullum. Baƙi suka fara tambaya, Rula ta shirga musu cewa tsohuwar al'adar matuƙa ce ta gaida waliyyai, da harshe uku take faɗa, su kuma suna tafi.

Lokacin sanyi ne wahalarta. Baƙi sun watse, an ja jirgi tudu, mu muna gyaran raga muna hutawa, ita tana ramewa. Takan tako har katangar da ta raba garinmu da Dutsen, ta zauna kan wani kututturen zaitun ta yi ta kallon tsallake. Ni kaina da ba na ƙaunar hayaniyar baƙi, saboda ita na koma ɗokin dawowarsu.

Wasu ranaku 'yan zuhudu kan fito da ƙaramin kwale-kwale su same mu a tsakiyar ruwa, su hawo da gicciye da akwatin kayan tsarki, don matan da ba su iya zuwa su sami tubarraki. Duk ranar da aka ce za su fito, Tiya kan sa sabon ɗankwali, ta ɗauko kwalbar ɓauren da ta dafa da sukari. Za ta leƙa fuskokin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta shiga layi kamar kowa, ta sumbaci gicciye, ta miƙa kwalbar ta ce a kai wa Fada Serafim. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, gashinta ya yi fari, nawa ya zube.

Sai wani watan Agusta, ana azumin bikin Maryamu, kwale-kwalen ya taho injinsa yana tari. Mai tuƙin ya sunkuya ya kara kunne a jikin injin, ya ɗan taɓa wani abu, tarin ya tsaya. Tiya tana gefena. Tun ba a ga fuska ba ta damƙe mini hannu har sai da na ji farcenta.

"Haka yake kara kunne," in ji ta.

Ashe matuƙinsu ne ba lafiya, aka ce Stelyos ya kawo su. Da suka iso bai hawo ba, ya tsaya a ƙasa riƙe da igiya, kansa a sunkuye. Wani dattijo a cikinsu ya yi masa magana a hankali, ya karɓi igiyar. Stelyos ya hawo, mutum mai furfura a gemu, hannunsa duk baƙin mai. Tiya ba ta ruga ba. Ta gyara ɗankwali, ta tako, ta kama hannun nan ta sumbata kamar yadda ake yi wa kowane fada.

"Sa mini albarka, Fada."

"Ubangiji ya sa, Mama."

"Ka rame."

"Azumi ake yi."

"Ɓauren yana isa gare ka, ko masu gemun nan ne ke cinyewa a hanya?"

"Yana isa. Rabi."

Ta yi dariya, ta nuna gidan da haɓa. "Waccan ce taka ko, mai ɗoɗɗoya?"

Ya waiga ya duba. "Ta Fada Nifon ce, mai dafa mana abinci. Ɗakina ta ɓangaren dutse yake, ba ya kallon teku. Ni na roƙi a ba ni shi. Da ina ganin jirgin nan kullum, Mama, da ban iya zama ba."

Na ga fuskarta ta faɗi, na ji kamar in tura shi ruwa da baƙaƙen kayansa.

"Amma ina jin jiniya," in ji shi. "Ko me nake yi sai in tsaya, in ce yau ma ta tashi lafiya."

Ba su ƙara wata magana mai tsawo ba, dattijon ya kira shi. Ta tsaya har kwale-kwalen ya shige inuwar dutse, sannan ta hawo wurina ta zauna a kan akwatin rigunan ceto.

"Shekara da shekaru ina ɗaga wa kuku hannu," in ji ta. Ta yi ta dariya har ta koma kuka, ban hana ta ba. Da ta share fuska ta ce, "Daga yau ka riƙa ja da kyau, ba wannan tusar kazar da kake yi ba."

Bai sake fitowa ba, ita ma ba ta sake taɓa tabaran kowa ba. Idan mun zo saitin gidan sai ta rufe ido ta saurara. Da gwiwoyinta suka gaza hawa tsani ta zauna a gida, kullum da yamma in biya ta ƙofarta.

"Ka busa?"

"Na busa, Tiya."

"Kada ka yi mini ƙarya, zan tambayi Rula."

Wata yamma ta riƙe ni ta ce, "Ran da na tafi, kada ka tura masa wani ƙato da saƙo, ya tsaya yana murza hula yana neman kalma. Ka wuce shiru kawai. Zai gane."

A ƙarshen watan Satumba ta tafi, da safe, maƙwabciyarta ta same ta a kujera. Jirgi ya riga ya cika da baƙi, ba yadda zan yi, muka tashi. Tsuntsaye suka biyo mu, aka jefa musu burodi. Da muka doshi gidan, hannuna ya kai kan igiya da kansa, sai da na danne shi da ɗayan. Rula ta ajiye lasifika. Wani baƙo da ya taɓa zuwa ya ɗago yana yi mini alama in busa, na kau da kai. Muka wuce tagar ɗoɗɗoya, ba abin da ake ji sai inji.

Mun kusa shan kwana Rula ta taɓa ni ta nuna baya. Wani mai baƙaƙen kaya ne ke saukowa kan matakalar dutse zuwa bakin ruwa, ya tattare rigarsa a hannu. A rayuwata ban taɓa ganin ɗan zuhudu yana gudu ba sai ranar. Ya iso ƙarshen matsayar kwale-kwalensu ya tsaya, don ƙasa ta ƙare. Ina da mata a jirgi, ban isa in matsa ba. Na rage wuta, na cire hulata, muka yi ta kallon juna ta tsallaken ruwan nan da uwarsa ta yi shekaru tana kallo, har dutse ya raba mu.