Kiran da Ya Fito Daga Ruwa: Rasuwar Mala Bunu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga Satumba 1957, cikin watan Safar, Allah ya karɓi ran Mala Bunu a gidansa na kan tudu, ƙetaren kogin Haɗeja. Ya bar matarsa Gumsu da jaririyar da ba a daɗe da raɗa mata suna ba. Ni na koya masa baƙi da wasali a elimantare, kuma shi na sa ran zai tsaya a kan kabarina. Ga shi yau ni ke rubuta ta'aziyyarsa.

Mala, abokan tafiyarka sun dawo daga yaƙin Bama da labarai, kai kuwa ka dawo da son waya, don cikin sojoji masu aika saƙo aka sa ka. Noman shinkafa ne sana'arka. Amma da ka taso daga fadama sai ka shimfiɗa tabarma, ka baje tarkacen da ka tsinto a Kano: matattun rediyo, ƙulle-ƙullen waya, da ƙananan kwalabe masu yin ja idan wuta ta shige su, waɗanda kake kira bawul. Kana narka dalma da ƙarfen da ka gasa a garwashi, kana liƙa wannan da wancan. Wani ya fashe, wani ya yi hayaƙi ya ƙona maka gemu, ka yi dariya ka sake. Daga ƙarshe ka haɗa akwatin da mutum zai yi raɗa a bakinsa, ta fito ta lasifika kamar tsawa. Ƙahon lasifikar ma da gwangwanin kananzir ka ƙera shi.

Na tambaye ka amfaninsa. Ka matso kunnena ka ce, "Baba Malam, na gaji da yi maka ihu, mutane na cewa faɗa muke."

Kunnuwana sun daɗe da yin nauyi. Tsarana sun ƙare, ba ni da ɗa, kuma mutane sun gaji da maimaita mini magana, sai su gaishe ni da hannu su wuce. Idan damina ta yi nisa ruwa ya yanke tudunka daga gari, sai ka juyo ƙahon nan wajen zaurena bayan la'asar, ka gaishe ni, ka faɗa mini yadda shinkafa take. Muryarka kaɗai nake ji tar a duniya. Ni kuma in ɗaga farin rawanina a kan sanda don ka san na ji.

Mutanen bakin kogi ba su taɓa sakin jiki da abin ba. Mu nan tun muna yara ake yi mana kashedi: idan aka kira sunanka daga wajen ruwa, ba ka ga mai kira ba, kada ka amsa, musamman da tsakar rana. Mutanen ruwa ne ke aron murya, wanda ya amsa kuwa ya ba da kansa. Sun haƙura da kai ne kawai don sun san muryarka, sun san lokacinka.

Bana ruwa ya cinye hanyar mota, ba ka sami kai batirin akwatin a yi masa caji ba, ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Gumsu tana gidan iyayenta wankan jego, kai kaɗai ne a tudu. Ruwa kuwa idan ya cika yakan koro macizai su hau inda mutum yake. Kububuwa ta sare ka a dunduniya. Ƙafa ta ƙi kai ka bakin jirgi, sai ka ja jiki zuwa akwatin.

Ina zaune a zaure, rana ta take, sai na ga mata suna fizgar 'ya'yansu suna shigewa gida. Na ga masu jirgi sun bar mashigi, kowa ya toshe kunne da yatsu, bakinsa na motsi. Kogi ya yi fayau, ba kowa. Ni ban ji komai ba. Larai maƙwabciyata ta shigo da tuwona. Ta sa baki a kunnena ta ce, "Baba, ruwa ke kira. Ya kira Hamman, ya kira Shu'ibu, yanzu kai yake kira."

Na ce wace irin murya? Ta ce kauri gare ta, tana jan kowace kalma, tana nitsewa tana tasowa kamar daga ƙarƙashin rijiya. Ta rantse ba ta ɗan Adam ba ce.

Na taɓa jin yadda akwatin ke yi idan batir ya yi sanyi. Na dogara sanda na tafi gidan Hamman mai jirgi, na ce Mala ne. Ya ce, "Malam, Mala da la'asar yake magana, kuma ba haka muryarsa take ba. Kwaikwayonsa suke yi." Uwarsa ta tare ƙofa. Na roƙa, na karanta musu abin da na sani, na ce in da ina da ƙarfin tuƙi da na tafi. Sai da la'asar ta yi, kowa ya saurara, ba gaisuwa. A nan ne fuskar Hamman ta sauya, ya ɗauki sandar tuƙi, muka haye tare.

Mun same ka kwance da abin maganar a hannunka, jikinka da sauran ɗumi. Kwalaben nan suna ja ƙasa-ƙasa. Hamman ya ce ƙahon yana fitar da wani huci kamar numfashin mai barci, bai daina ba har muka fito da kai.

Tun daga ranar nan Hamman bai iya cin abinci sosai ba. Jiya ya durƙusa a gabana ya ce, "Malam, in an sake kira, mu amsa?" Na ce masa kakanninmu amsawa suka hana, ba su hana mutum ya ja bakinsa ya shiga jirgi ya je ya duba ba. Ya daɗe yana kuka.

Gumsu, ki yi haƙuri, kada ki riƙe kowa a zuciya. Tsoron da aka shayar da su ne, kuma kwana ya ƙare. Ina miƙa ta'aziyya gare ki da dangin Bunu na nan da na Auyo. Allah ya raya abin da ya bari. Allah ya jiƙan Mala, ya yalwata kabarinsa, ya gafarta mana mu da muka makara. Ya Ubangiji, bawanka ya yi kira a duniya ba a amsa masa ba. Kai ne Mai ji, ka amsa masa. Amin.