Madannin Baba Alhassan

Ranakun aiki da yawa sun wuce ban riƙe komai daga cikinsu ba, amma Talatar da Anti Memuna ta bugo waya ofishinmu daga Birmingham ta ƙi barin raina. Tunda ku sababbin ma'aikata kun matsa sai na ba ku labarin kuskuren da ya fi ba ni kunya, to ga shi. Ku yi dariyarku, ni ma daga baya na yi tawa.

Lokacin ban daɗe da gama digiri na biyu ba, na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja a unguwar Ardwick da ke Manchester, a Ingila. Ni ne ƙaramin injiniya. Sama da ni akwai babban injiniya, Graham, wanda sai ya sa hannu kafin a saki kowane gyara. Ina zaune a ɗaki guda a Rusholme, saman wani gidan abinci, ni da akwatin littattafan soyayya da na kwaso daga Kano. Da su na girma, kuma sun yi mini illa. Sun sa na yarda cewa namijin kirki abu ɗaya babba yake yi, jama'a su yi tsit, budurwa ta share hawaye, a rufe littafi. Ni kaina ina da budurwa a gida, Rukayya. Na taɓa rubuta mata wasiƙa shafi goma sha ɗaya, na zuba duk abin da ke zuciyata, sannan na ɗauka magana ta ƙare, ba sai na riƙa damun ta da kira kullum ba.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne, council, wato ƙananan hukumomi, ko'ina sai yanke kuɗi suke yi. Cikin masu hulɗa da mu akwai wata ƙungiya mai kula da gidajen tsofaffi, bene uku a unguwar Aston da ke Birmingham. A da kowane bene yana da mai kula da ke zaune a ƙasa, kullum da safe ya bi ƙofa-ƙofa yana ƙwanƙwasawa. Da kuɗi suka ja baya aka sallame su, aka kafa wa kowane tsoho madanni biyu a bango. Kore yana nufin na tashi lafiya, ana danna shi kafin ƙarfe goma. Ja kuma na neman taimako ne. Aka bar wa mace ɗaya benayen uku, Anti Memuna, Bahaushiyar Gana, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba.

Ga yadda tsarin yake, don waɗanda ba aikinsu ba ne. Madannin ba ya kiran kowa kai tsaye. Yana miƙa saƙonsa ne ga wata kwamfuta a tsakiya da muke kira dillali. Duk wanda ya yi rajistar son labarin wannan benen, dillali zai raba masa: wayar Anti Memuna, ofishin ƙungiyar, da 'ya'yan tsofaffin. Mai aikawa bai san masu karɓa ba, su ma ba ruwansu da shi. Wayar Anti Memuna kuwa tana duba lokacin da ke jikin saƙon. In goma ta wuce ba saƙon yau, sunan mutum ya koma ruwan ɗorawa, sai ta je ta duba shi.

Matsalar ita ce saƙon ya yi nauyi. Kowace safiya yana ɗauke da suna, lambar ɗaki, jerin magunguna, lambar GP (wato likitan mutum), sunan ɗan'uwa, duk abin da bai canza ba tun bara. Wayoyin sun tsufa, sabis a cikin benen ba ƙarfi, ƙungiyar kuma ta ce ko mu rage nauyin ko ta nemi wasu. Graham yana riƙe da aikin mutum biyu, sai ya miƙo mini.

Maganin irin wannan sananne ne, cache muke ce masa. Kamar ka saba da mai shayi ne: ba sai ka lissafa masa ƙwai nawa da sukari cokali nawa ba, kana zama ka ce "kamar kullum", shi ya riga ya ajiye a kansa. Na sa kowace waya ta ajiye suna da magani da sauransu a wajenta, dillali ya riƙa turo 'yar lamba kawai. Nauyi ya ragu sosai. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku.

Amma jarumin littafi ba ya tsayawa a rabin hanya. Na duba abin da ya rage a saƙon, sai na ga abu biyu ne kacal: kalmar lafiya, da lokaci. Na ce a raina, ashe lokacin nan ne kaɗai ya bambanta saƙon yau da na jiya. In na cire shi, sun zama abu ɗaya, to me ya sa za a aika abu ɗaya sau ɗari? Na cire. Na gaya wa dillali ya riƙe saƙon ƙarshe na kowane ɗaki, in sabo ya zo iri ɗaya da shi ya yar, wayoyi su ci gaba da nuna na ajiye. Wani ɗan layi a manhajar wayar ya yi ta ƙorafin bai ga lokaci ba. Na goge shi, har ina jin haushin wanda ya rubuta.

Na gwada. Na danna kore, ya nuna lafiya. Na danna ja, ƙararrawa ta tashi. Na danna da sauri, na danna a hankali, na danna biyu a tare. Kowane irin dannawa na gwada, ban da rashin dannawa.

Graham ya duba a tsaye, kofi a hannu. Ya ce, "Lokacin da ka cire fa, ba mai amfani da shi?" Na ce dillali yana rubuta shi a kundinsa, in ana so. Ya sa hannu. Washegari da muka ga yadda zirga-zirgar saƙo ta faɗi ƙasa warwas, ya dafa kafaɗata a gaban kowa. Ranar a ƙafa na koma Rusholme, na bar bas suna ta wuce ni a Wilmslow Road, ina tsara yadda zan ba Rukayya labari wata rana, ita tana kallona da ido cike da ƙwalla.

Mako uku bayan haka, Talata wajen sha ɗaya na safe, aka ce ana nemana a waya. Da ma Anti Memuna ta gano akwai Bahaushe a kamfanin, ni take nema in abu ya lalace.

Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Ɗana Bashir, ina da tambaya. Hajiya Fati ta lamba shida tana Kumasi yau kwana goma sha biyu. Ni na ɗaukar mata jaka zuwa tasi. Wayarka ta ce da safen nan ta tashi lafiya ta danna. Aljani kuka sa a flat ɗin?"

Na yi 'yar dariya, na ce wataƙila wani ne ke shiga ba shukoki ruwa.

"Makullin yana jakata. Kuma mako uku ke nan ba wanda ya koma ruwan ɗorawa, ko mutum ɗaya. Ni har na ce tsofaffina sun shiryu."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Anti, kada ki kashe." Na buɗe kundin dillali, na nemi duk ɗakin da bai aiko komai ba yau. Biyar suka fito. Na fara karanta mata. Lamba shida, Kumasi. Na biyu yana asibiti, ta sani. Na uku ɗakin ba kowa. Na huɗu ta gan shi ɗazu a bakin ƙofa yana shan taba. Na biyar, lamba goma sha huɗu.

Ta ce, "Baba Alhassan. Shi kaɗai yake zaune, ga ciwon suga. Yaushe rabonsa da dannawa?"

Na ƙirga sau biyu ko zan samu wani abu daban. Na ce, "Kwana tara."

Ta ce, "Innalillahi." Sai na ji ta fara tafiya. Tana wani benen ne, sai da ta tsallaka titi, kuma lif ɗin nasu ya lalace. Na ji takunta a matakala, hawa ɗaya, hawa biyu, tana haki tana salati. Graham ya zo ya tsaya a kaina, allon kawai ya kalla ya gane. A littattafaina a irin wannan wurin jarumi yakan faɗa mota ya keta gari. Ni kuwa ina Manchester riƙe da kan waya, ba abin da na iya sai addu'ar kada na zama na kashe tsohon da ban taɓa gani ba saboda son a dafa mini kafaɗa.

Ta buga ƙofa. Shiru. Ta sake bugawa tana kiran "Baba! Baba!" Na ji ƙarar makullai. Na ji ƙofa ta buɗe, na ji rediyo yana magana can ciki. Sai wata murya mai kauri ta ce, "To. Yau an tuna da ni ke nan."

Yana zaune ne a kujerarsa da shayi a gabansa, lafiyarsa ƙalau. Ya ji bugun, ya ƙi amsawa.

Kafin la'asar muka mayar da tsohon tsarin. Washegari Graham ya ce in hau jirgin ƙasa in je in ba da haƙuri da bakina. A hanya na shirya jawabi mai ratsa zuciya, har na hango tsohon ya rungume ni yana cewa na zama ɗansa. Na sayi dabino kwali guda. Ina shiga Anti Memuna ta karɓe kwalin ta ce, "Mai ciwon suga ka kawo wa wannan? Jiya ba ka ƙarasa shi ba, yau ka zo da kanka?"

Na durƙusa na gaishe shi. Dogo ne, ya haura tamanin, ya yi shekaru yana tuƙin bas a garin. Na fara jawabina, ban kai jimla ta uku ba ya ɗaga hannu.

"Da gangan na daina dannawa," in ji shi. "Mai kulan da yake nan da, in ya ƙwanƙwasa sai ya ce yaya ƙafa. Da aka kawo wannan abin na ce bari in gani, in na yi shiru akwai mai zuwa? Kwana ɗaya, biyu, har tara. Na ce to Alhassan, ka ga matsayinka. Ranar da ka mutu wari ne zai kai labari."

Anti Memuna ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Na ce laifina ne, ba nata ba, na yi masa bayanin abin da na yi dalla-dalla, har da misalin mai shayi. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Kai ɗan ina ne?"

Na ce Kano.

"Mahaifinka yana da rai?"

"Yana nan, Baba."

"In ka gaishe shi ran Litinin ya ce lafiya lau, Talata sai ka wuce ta ƙofarsa ka ce ai na jiya yana nan a ajiye?"

Na sunkuyar da kai.

"Da Bature ne ya yi, sai in ce bai sani ba. Kai tun kana rarrafe kake jin ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya. Ka taɓa jin an canza amsar? Wa ke zuwa gaisuwa don ya ji sabon labari? Ana zuwa ne a ji muryar ta fito yau."

Ba rungumar da aka yi. Ya dai ce zai koma dannawa bisa sharaɗi ɗaya: duk Juma'a in kira shi da bakina, ba na'ura ba. Anti Memuna kuma, ba wanda ya sa ta, ta mayar da hawa na uku, inda ɗakinsa yake, hanyarta ta kowace safiya.

A ofis an rubuta mini takardar gargaɗi, Graham ya nemi a rubuta masa irinta tunda shi ya sa hannu. Gyaran da muka yi shi ne wanda kuka tarar. Suna, magani da lambar GP suna nan a ajiye a waya, don ba kullum suke canzawa ba. Saƙon safe kuwa yana tafiya da lokacinsa, ko sau dubu ya maimaita kansa, kuma wa'adinsa yini ɗaya ne, gari na wayewa ya zama ba shi. Gwajin shiru da kuke gunaguni a kansa, inda ake kashe mai aikawa a zauna a ga me masu karɓa za su nuna, daga nan ya samo asali.

A jirgin komawa na ciro waya na kira Rukayya, rabona da jin muryarta ya fi wata. Ta ɗauka ta ce, "Wa ke magana?" Na ce ni ne, ai kin san abin da ke raina, na rubuta miki. Ta ce, "Wasiƙar tana nan a ƙasan akwati, lafiyarta ƙalau. Kai ne ban sani ba." Sai da na yi wata biyu ina kira kullum kafin ta daina tambayar wa ke magana. Ita ce uwar 'ya'yana yanzu, kuma har gobe ba ta bar ni na manta ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikinmu an horar da mu mu tsani maimaici, mu ga abu biyu iri ɗaya mu yar da ɗaya. Yawanci daidai ne. Amma kafin ku ajiye saƙo ku hana shi sake tafiya, ku tambayi wanda ke can ƙarshen layin me yake jira: abin da ke cikin saƙon, ko zuwansa.

Baba Alhassan ya ƙara shekara huɗu, ina kiran sa duk Juma'a yana yi mini faɗan ban iya gaisuwa ba. Wata safiya bai danna ba. Goma na wucewa sunansa ya koma ruwan ɗorawa, kafin goma da kwata Anti Memuna tana ɗakinsa. Ta same shi a kujerar nan tasa, shayinsa bai gama hucewa ba.