Wanda Ya Zo Ƙarshe Shi Ke Riƙon Gora

A layinmu na Zuru talabijin ɗaya ce, kuma tana falon wata matar soja da duk muke kira Mama. Ƙarama ce, baƙi da fari, da batirin mota take aiki. Mama ta saƙa mata mayafi da zaren ulu, ba a yaye shi sai rana ta faɗi. Eriyarta tana can bisa wata doguwar gora da aka ɗaure jikin ginshiƙi kusa da tagar falo, kuma iska kaɗan ta isa ta juya ta, hoto ya koma yayyafi.

Dokokin Mama biyu ne. Ba a hawa ledarta sai an wanke ƙafa. Kuma wanda ya zo ƙarshe shi zai tsaya waje ya riƙe gora har a tashi. Daga ciki ake ba shi umarni: “Juya! Koma! Ya yi, kar ka motsa!” Ni ban taɓa riƙo ba. Kunya ta sa nake riga kowa zuwa, in lafe gefen kabad ɗin Mama mai ƙofar gilas, inda ta jera kofunan shayi da ba a taɓa sha da su ba.

A shekarar da nake aji biyar ana nuna wani wasan ƙasar waje duk Alhamis, labarin wata yarinya da babanta ya tafi kamun kifi a teku bai dawo ba. Turancinsu ya fi ƙarfinmu, don haka da fuska muke gane mugu, da kiɗa muke sanin za a yi kuka. Har tallan sabulun da ke katse wasan mun haddace, muna rerawa tare.

Ina da ƙawa ɗaya a makaranta, mutuniyar wajen Ribah ce, tana zaune da babarta a bayan dutse, inda ba a barinta fita da yamma. Babanta soja ne, an tura su aiki wata ƙasa tun tana aji uku. Ba ta taɓa ganin wasan ba sai a bakina. Duk Juma'a lokacin tara, muna cin gyaɗa a gindin mangwaro, nake ba ta labari har da kalar takalmi, ko da yake ni ma baƙi da fari na gani. Ita kaɗai nake iya yi wa doguwar magana.

Da aka ce mako mai zuwa za a ƙare, ta riƙe mini hannu.

“Ki duba mini da kyau, ko baban zai dawo. Kar ki ji a bakin wani. Ki gani da idonki.”

Na ce na yi alkawari.

Ranar Alhamis ɗin aka yi ruwa da la'asar. Innata ta aike ni niƙa, na tarar da layi, na dawo da gudu cikin taɓo. Sau biyu na wanke ƙafata don jar ƙasar nan ba ta fita da sauƙi. Ina isa ƙofar Mama na ga takalma sun cika baranda.

“Ɗiyata, yau ke ce?” in ji Mama. “To, doka doka ce. Kama gora.”

Yaran layi suka yi ta dariya. “Yau kurma ta zama direba!” Haka suke kirana saboda shiruna.

Na rungumi gorar, jiƙaƙƙiya, tana ta rawa. Aka yi ta juya da koma har aka ce ya yi. Daga inda nake tsaye, bayan talabijin kawai nake gani ta taga, da fuskokin mutane suna haske. Kiɗan farko ya tashi. Hawaye suka cika mini ido, ina tunanin abin da zan gaya wa ƙawata gobe.

Sai na lura da wani abu yana motsi a gilas ɗin kabad. Rabin hoton ne, gefen teku da kafaɗar yarinyar, suna yawo bisa kofunan shayi. Da za a buɗe ƙofar kaɗan, duka zai fito. Amma sai na ɗaga murya gaban mutum fiye da yatsun hannuna, har da manya. Kiɗan ya sauya zuwa irin na kuka.

“Mama!” Ni kaina na firgita da muryata. “Don Allah a buɗe mini ƙofar kabad!”

“Mi? Kabad kuma?”

“Ina gani a gilas!”

Ta dube ni, ta dubi kabad, ta fashe da dariya. Ita da kanta ta tashi ta kama ƙofar da ba ta barin kowa ya taɓa.

“Ƙara kaɗan, Mama. Koma. Koma! Ya yi, kar ki motsa!”

Falon ya ruɗe. Wata maƙwabciya ta ce, “Yau kurma ke ba matar soja oda!” Mama ta ce a yi mata shiru, aiki take. Haka muka ƙare wasan, ni riƙe da gora, ita riƙe da ƙofa. Na ga jirgin ruwa ya taso daga bayan butar shayi. Na ga wani tsoho mai gemu ya sauko, yarinyar ta yar da kwandonta ta ruga.

Washegari ban jira tara ba. A bakin aji na tare ƙawata.

“Ya dawo.”

“Kin gani, ko an gaya miki?”

“Na gani. Ya rame, amma da ƙafarsa ya sauko.”

Ta sa na maimaita mata saukowar har aka kaɗa ƙararrawa.

Bayan an yi girbi nata baban ya dawo. Ta ce mini ba jirgi, ba kiɗa, kabu-kabu ne ya sauke shi da jaka ɗaya, ita kuma tana shara. Amma tsintsiyar, in ji ta, ta yar da ita daidai yadda na ce an yar da kwando.