Hamadu Mai Igiyar Baya

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Hamadu makwancinsa, amma har yau in aka fara gardamar siyasa a rumfata ta kasuwar Garwa, sai in juya hagu in duba abin da fuskarsa za ta ce. A nan yake zama, kan wani kututture, yana feƙe tsinken tsire don kada hannunsa ya zauna haka kawai. Abin da ya taso mini da shi a wannan karon shi ne musun da ya cika majalisarmu tun da maƙwabtanmu na Najeriya suka shiga kakar zaɓe. Rediyo ba ya hutawa. Wannan ya ce ɗan takara ya ɗauki mataimaki daga wani ɓangaren ƙasa, wancan ya ce mai dukiya, wani ya ce matashi. Mu da muka yi furfura muna kallon shugaba guda, muka yi shekara da shekaru babu ma kujerar mataimaki a ƙasarmu, mu ne muka fi kowa ɗaga murya.

Ni dai ina da ta cewa. Na taɓa tsayawa takara, na taɓa ɗaukar mataimaki, kuma ban yi zaɓen tumun dare ba.

Ni mahauci ne, jikan mahauta da suka biyo fatake daga ƙasar Hausa suka yada zango a bakin Binuwai. Da ƙuruciyata ni ne ɗan hawan ƙaho na unguwarmu. Wanda bai taɓa gani ba, ga yadda ake yi. Ranar jajibirin salla akan fito da bajimi mai faɗa, a ɗaura masa igiya biyu, ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafar baya. Makaɗa su saki kalangu, saurayi ya yi kirari ya faɗa tsakanin ƙahonin nan ya rungume wuyan sa. Duk idon jama'a yana kansa, 'yan mata na guɗa, ana yi masa liƙi. Ba wanda ke kallon mai riƙe da igiyar baya, alhali ran mai hawan a tafin hannunsa yake. In ya ja da yawa, san ya kasa motsi, a ce hawan raggo aka yi. In ya saki da yawa, sai a kwashi ɗan mutane a tabarma. Duk hawan da na yi a rayuwata, Hamadu ne a igiyar baya. Ubansa mahauci ne irinmu, uwarsa Bafulatana ce daga wajen Lagdo, shi kuma ya kwaso wuƙar uban da kunyar uwar.

Shekarun da aka karya darajar kuɗinmu na sefa aka zabge albashin ma'aikata, mu ne muka fara ji a jikinmu. Mai sayen kilo ya koma sayen kashi, mai kashi ya koma ga busasshen kifi. Ana cikin haka sai ga wani ɗan kwangila ya zo da maganar karɓar mayanka gaba ɗaya, shi zai yanka, shi zai raba nama, wanda ya ga dama ya ba shi. Manyan mahauta ba su da asara, domin da su za a yi. Amma masu tebur ɗaya, da masu wankin kayan ciki, da masu jan shanu da igiyar ƙiri, da matan da ke sayen kai da ƙafa su dafa, duk za su wayi gari ba sana'a. Abu ɗaya ya rage masa, sa hannun shugaban sandika, wato ƙungiyarmu ta mahauta da dillalan shanu. Shugaban lokacin, Alhaji Buba, ya riga ya yi alkawarin zai sa da zarar an sake zaɓensa. Shi ya sa na ce zan tsaya.

Ranar da na faɗa, gidana ya koma gidan shawara. Wani ya ce in ɗauki attajiri, ko don a ga mota a ƙofata. Wani ya ce in ɗauki wanda ya yi lakwal, wato boko, saboda hukuma da Faransanci take magana. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce in nemi mutum marar kataɓus, wanda ba zai taɓa ɗaga ido ya kalli kujerata ba, don makashin mutum yana gindinsa. Duk na saurara, kuma kowanne yana da gaskiyarsa. Amma na san kaina. Ni mutum ne mai zafin kai, bakina ya fi wuƙata kaifi, in na hau ba na ganin gabana. Attajiri zai so ya juya ni, ɗan lakwal ana iya ɗaukarsa ya rubuta mana takarda ba sai ya zama mataimaki ba, marar kataɓus kuwa ranar da na nufi rami zai bi ni yana tafi. Da abokin daka akan sha gari. Na tafi wajen Hamadu.

Bai ɗago daga tsinkensa ba. Ya ce, "Sani, ka san in na ga ka kauce zan ja."

Na ce, "Abin da ya kawo ni ke nan."

Ya ce, "To amma ba a gaban mutane ba. Kai ma kada ka tambaye ni a gaban mutane." Iyakar yarjejeniyarmu ke nan, kuma ba wanda ya karya ta har ƙasa ta rufe masa ido.

Alhaji Buba ba yaro ba ne. Ya san dillalan shanu, waɗanda yawancinsu Fulani ne, ba sa ƙaunar bakina, amma suna son Hamadu kamar ɗansu. Shekaru yana zuwa Adumri sayen shanu, da harshensu yake ciniki, bai taɓa kushe dabbar mutum don ya sassauta kuɗi ba. Sai Buba ya yi dabara. Mu a lokacin ba ma jefa ƙuri'a, layi ake yi a bayan wanda ake so, a ƙirga. Ya zaɓi wasu daga mutanensa masu baki, ya tura su cikin dillalai suna zuga su cewa ai Hamadu ne ya cancanci shugabanci, don me zai zauna ƙarƙashin wannan mafaɗacin. Nufinsa layina ya rabu biyu, in an zo ƙirga mutanensa su zame su koma bayansa, ya wuce mu duka.

Ranar zaɓe da hantsi, a filin bayan mayanka, ga wakilin hukuma da kujerarsa, ga dattawa a inuwar dogon yaro. Na tsaya, Buba ya tsaya, aka fara jeruwa. Hamadu yana can gefe yana gaisawa da wani tsoho, sai kawai mutanen Buba suka ruga suka tsaya a bayansa. Ɗayansu, Malam Ɗanjuma, ya ɗaga murya har dattawa suka ji, "Wallahi duk layin da Hamadu yake, nan muke!" Sauran suka amsa da rantsuwa. Dillalai kuwa da zuciya ɗaya suka kwararo. Kafin in ankara, har waɗansu daga layina sun sulale sun koma can. Na waiga, na ga layin Hamadu ya fi nawa, ya fi na Buba.

Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ga shi kuwa an ajiye wa Hamadu akushi cike a gabansa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana shan ƙura a bayan sa, yau ga jama'a na kiran sunansa. Wakilin hukuma ya miƙe ya tambaye shi ko shi ma kandida ne, wato ɗan takara, ya ce dokar ƙungiya ba ta hana ba. Wani dattijon dillalai ya dafa shi ya ce, "Karɓi, ɗana, Allah ne ya ba ka."

Hamadu ya rusuna ya ce, "Usoko, Baffa, na gode. Amma ni a baya nake tsayawa."

Sai ya taka a hankali, ya zagayo, ya nufi wutsiyar layina, inda wani mai wankin tumbi yake na ƙarshe. Layinsa duka ya lanƙwaso ya biyo shi. Da ya isa bai shiga ba, ya tsaya a gefe yana shigar da su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowa da sunansa da na ubansa, yana tambayar gida. Da ya zo kan mutanen Buba ya ƙara fara'a, "Bismilla, Malam Ɗanjuma, ai na ji rantsuwarka, Allah ya saka." Sai da kowa ya shige sannan ya tsaya a ƙarshe, ya harɗe hannu, idonsa a kan ƙeyar kowa. To ina hanyar zamewa? Ka rantse a gaban dattawa, ga surukinka a inuwa yana kallo, ga Hamadu a bayanka. Haka suka tsaya kamar an dasa su, gumi na zuba, aka ƙirga su a cikin nawa. An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Layin nan sai da ya fita filin ya kai bakin titi, kalangu ya tashi tun ba a gama ƙirga ba, matan kai da ƙafa suka yi ta guɗa. Ɗan kwangila bai sake dawowa ba. Mayanka tana hannun masu ita har yau, kuma jikokin mai wankin tumbin nan suna da tebur nasu.

Da yamma ina cikin zafin nasara na ce gobe zan kori duk mutanen Buba daga rumfunan gaba. Hamadu ya bari sai da kowa ya watse. Sannan ya ce, "Sani, ɗazu a layinka aka ƙirga su." Na yi ta faɗa, ya yi ta feƙe tsinke, har na gaji. Ba a kori kowa ba, kuma Ɗanjuman nan ya zama cikin masu riƙe mana ƙungiya da gaske. A ranar na gane cewa wani lokacin ni ne san, ba mai hawan ba.

Da Hamadu yana kan kututturensa yau yana jin musun da ake yi, na san ba zai tanka ba sai an matsa masa. Ba zai raina maganar ɓangare ba, domin shi kansa dillalan da ba zan taɓa samu ba ya kawo mini. Mataimakin da bai zo da kowa ba, nauyi ne. Amma ina jin zai tambaya, wannan da kuke yabo, in aka miƙa masa kujerar maigidansa ana tsakiyar tafiya, zai iya mayar da ita? In maigidan ya nufi ɓarna, yana da ƙarfin hannun da zai ja shi, kuma yana da kunyar da zai bari sai an watse? Yawancin waɗanda nake ji ana lissafawa, ko dai masu jiran maigida ya yi tuntuɓe ne, ko masu cewa "haka ne, ranka ya daɗe" ko da gari na ci da wuta. Kuma laifin ba nasu kaɗai ba ne. Shugaban da ke tsoron mai ƙarfi a bayansa, shi da kansa yake zaɓen wanda zai sake masa igiya.

Hamadu bai bar gidan bene ba, ba a sa wa wani titi sunansa ba. Abin da ya bari shi ne, har gobe in za a yi zaɓe a sandikarmu, mai neman kujerar mataimaki yakan je ya tsaya a ƙarshen layi, samarin da ba su taɓa ganinsa ba suna kiran abin tsayuwar Hamadu. Ni kuma ya bar ni da rai, sau da yawa, tun daga gaban ƙaho har zuwa kan kujera.

Ranar jana'izarsa mahauta suka rufe tebura, dillalai suka zo daga Adumri da Fitowa, sahu ya cika titi ya yi kwana. Da aka ɗauki makara na so in kama, gwiwata ta ƙi, sai na bi a ƙafa ina kallonta tana tafe bisa kafaɗun mutane. Tun muna samari har muka tsufa, ranar ce kaɗai ya yarda ya shiga gabana. Allah ya haskaka kabarinka, Hamadu, ya sa in tawa ta zo in tarar ka riƙe mini wuri.